Malam Bawa, Mai Kwamfutar Kwali

Malam Bawa ya rasu.

Yanzu da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a ƙofar shagona a Birnin Kebbi, ko makulli ban ciro daga jaka ba. Habiba ce ta kira, babbar 'yarsa. Da na ga sunanta har na fara murmushi, na ɗauka Malam ne ya sa ta kira ni don ya yi min tsiyar da ya saba. Sai na ji muryarta.

"Yaya Asabe, Baba ya tafi. Bayan sallar asuba."

Ban san lokacin da na zauna a kan dakali ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma ina kukan ina dariya, har maƙwabciyata mai ɗinki ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Mutumin nan ba a iya tuna shi da fuska a murtuke. Don haka ku yi haƙuri, yau zan cika muku waya da surutu. Wanda ya gaji ya wuce abinsa.

Ku da kuke zuwa ina buga muku takardu kuna cewa, "Madam, yatsun nan naki kamar inji," to yau ku san wanda ya haɗa injin.

Shi ne malamin ajinmu a aji biyar da aji shida, a firamaren ƙauyenmu, can bayan duwatsun Zuru a kan hanyar Ribah. Lokacin ne wayar hannu ta fara shigowa, sai mutum ya hau dutse yana miƙa hannu sama kafin ya samu sabis. Wutar lantarki kuwa, ko falwaya ɗaya babu a garinmu.

Ni bahaguwa ce. A wancan zamani wannan laifi ne babba. Duk malamin da ya ga alli a hannuna na hagu sai ya ƙwala min rula. Na koma dama a kan dole, rubutuna ya zama kamar inda kaza ta yi tono. Kafin in kwafe layi biyu an goge allo. Kowa ya gama yanke hukunci cewa Asabe ba ta ja. Har Babana, tsohon soja ne, Saje ake ce masa, yakan ce, "Wannan kan kakarta ta ɗauko, gona ce tata."

Ranar farko a ajin Malam Bawa ya ga na cusa hannun hagu a ƙarƙashin benci.

"Me kike ɓoyewa?"

"Hannu ne, Malam."

"Na sata ne?"

"A'a."

"To fito da shi. Allah ne ya ba ki guda biyu."

Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi. Daga ranar ban sake ɓoye shi ba.

To, ana nan sai Malam ya ji labari cewa ofishin ilimi na raba kwamfuta ga makarantun da ke da wuta. Mu ba ma cikin lissafin kowa. Amma Malam Bawa in ya kafe, ya kafe. Ya hau tsohon babur ɗinsa, wanda sai an tura yake tashi, ya tafi Zuru. Aka ce ya dawo. Ya dawo. Aka ce oga ba ya nan. Ya zauna ya jira oga. Haka ya yi ta sintiri har mutanen ofis suka gaji da ganin hularsa, suka ba shi guda ɗaya don su huta.

Amma da sharaɗi. Bayan shekara guda za a turo jami'i. In ya tarar yara ba su iya amfani da ita ba, za a ɗauke ta a kai wata makaranta a cikin gari inda ake da wuta.

Ranar da ta iso, a ɗaure a bayan babur da robar taya, mata har guɗa suka yi. Tsofaffi suka ce an kawo wa makaranta telebijin.

Murnar ba ta kwana ba.

Hedimastanmu dattijo ne mai kirki, Allah ya jiƙansa shi ma, amma ban taɓa ganin mutum mai tsoron kayan gwamnati irinsa ba. Ya zagaya kwamfutar nan sau uku hannu a baya, sannan ya ce, "Malam Bawa, ka ɗauko mana rigima. In ta lalace wuyan wa za a kama?" Rufin ofishinsa na yoyo, ƙofar kuma da igiya ake ɗaure ta. Sai ya yanke shawara. Ya sa aka zuba ta a buhu biyu, aka kai gidansa, aka saka a rumbu, a kan dawa.

E, a rumbu. Ku yi dariyarku.

Amma ku yi masa adalci. A wajenmu duk abin da ya fi daraja rumbu ake kai shi. Ruwa ba ya shiga, gara ba ta hawa, ɓarawo ba ya kusanta. Hedimasta ya rantse ba za ta fito ba sai ranar da manya za su zo, su gan ta sabuwa fil yadda suka bayar.

Malam ya yi roƙo, ya yi magiya, ya turo dattawa. Abin da ya samu kawai shi ne aron kibod, wato allon haruffan, na yini ɗaya. Ya shimfiɗa shi kusa da kwali, ya zana kowane harafi a mazauninsa, kafin la'asar ya mayar.

Washegari ya shigo aji yana washe baki. "Daga gobe kowa ya zo da kwali da marafan kwalba. Kowa zai yi kwamfutarsa."

Jama'a, kun san marfin kwalba nawa ake bukata don yara sama da talatin? Muka zama kamar kaji. Ranar kasuwa idonmu a ƙasa. Gidan biki, gidan suna, Kirsimeti, Sallah, mutum bai gama buɗe lemo ba yara uku sun tsaya a kansa, ba lemon suke so ba, marfin. Ni da kaina na yi dambe a kan marfi ɗaya, kuma na ci.

Malam ya huda kowane marfi da ƙusa, muka ɗinke su a kwali da zare, ya bi ya rubuta haruffa da fenti. Dogon maɓallin nan na ƙasa mai raba kalmomi, da tsagin karan dawa muka yi shi. Na gogewa kuma ya ce dole ya zama jan marfi, ya raɗa masa suna tsintsiya. Har gobe in ina koya wa ɗalibaina, tsintsiya nake ce masa, su yi ta kallona.

Ga yadda darasin yake, kuma ku riƙe wannan don shi ne labarin.

Kwali ba ya nuna komai. In ka danna daidai shiru, in ka danna kuskure shiru. Hanya ɗaya ce Malam zai san ka taɓa harafin da ya ce, da yatsan da ya ce: sai ya zo ya gani da idonsa. Don haka ya kafa doka. In ya ce "Danna!" ka danna ka riƙe. Ba ka ɗagawa sai ya bi layi ya iso kanka, ya duba, ya ce "Ɗaga." In kana bencin baya, yatsanka har ya yi tsami kafin ya iso. Wanda ya ɗaga da kansa, shi zai share aji.

Daga baya muka kai ga kalmomi, muka kai ga jimloli, har yana ɗaure mana ido da ɗankwali muna bugawa, aji ya ɗauki ƙas-ƙas-ƙas kamar ana ɓarar gyaɗa. Amma dokar harafin farko ba ta taɓa canzawa ba. Harafin farko a riƙe shi sai Malam ya zo.

Gari kuwa ya samu abin dariya. Suka sa masa suna Mai Kwamfutar Kwali. Wata rana Babana ya tsaya a tagar aji, ya kalle mu, ya girgiza kai.

"Malam, yaran nan karatu suke yi ko dara?"

Malam bai ko ɗaga murya ba. "Saje, ranar da ka shiga soja, da bindigar gaske aka fara koya maka fareti?"

Sai Baba ya tuntsire da dariya. "Da sanda!"

"To ga sandarsu nan."

Bayan kwana biyu sai ga Baba da leda cike da marafai. Daga inda tsofaffin sojoji ke zama da yamma ya kwaso su, kuma duk wanda ya san wurin ya san ba lemo ake sha ba. Ya miƙa yana sosa ƙeya, don ya san Malam mutumin masallaci ne. Malam ya leƙa ledar, ya sunsuna, ya ce, "Saje, marfi ba ya maye. A wanke a kawo."

A kan kwalin nan ne na fara zama ta ɗaya a wani abu a rayuwata. Yatsun hagun da ake duka, su suka fi na kowa gudu. Malam yakan tsaya a kaina ya ce, "Kun gani? Kwamfuta ba ruwanta da bahago, hannu biyu take so." Shi ya fara kirana Injiniya. Ni da ake cewa ba na ja!

Shekara ta zagayo. Takarda ta zo cewa jami'i na tafe.

Malam ya je wurin Fastonmu ya ari ɗan janaretan coci. Hedimasta da kansa ya tattare riga ya shiga rumbu, ya fito fari fat da ƙura, rungume da buhu. Ranar babu wanda ya je gona. Tagogi sun cika da kawuna, tsofaffi sun kawo kujerunsu, Baba ya sa tsohuwar hularsa ta soja.

Jami'in dogo ne mai tabarau, ba ya dariya, Hausarsa ta Kabi zalla. Ya ɗaga kibod ɗin ya juya shi. Sai ga ƙwayoyin dawa suna zubowa, tsar-tsar-tsar, a kan tebur har ƙasa. Wata kaza da ke bakin ƙofa ta shigo da gudu ta hau ci.

"Hedimasta, wanga abu ina ya kwana?"

"A... a rumbu, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kawo, ranka ya daɗe. Ko ƙwarzane babu."

Jami'i ya rubuta wani abu a fayil ɗinsa. Sannan ya leƙa waje ya ce wa direbansa ya matso da mota bakin ƙofa, ya buɗe baya. Ko yaro ya gane. Kwamfutarmu ta kama hanyar gari, mu kuma mu zauna da kwali da sunan da aka sa wa Malam.

Amma mutum ne mai bin ƙa'ida. Ya jona wayoyin da kansa, aka tayar da janareta, ya kunna. Gilashin ya kawo haske, aji ya ce "Haaa!" Ya buɗe wani farin shafi, ya juyo.

"Malam, ba ni yaro guda. Kai kuma ka koma bayan aji. Kada in ji bakinka."

Malam ya ce, "Asabe."

Daga taga na ji muryar Babana, uban da ya haife ni: "Malam, babu wani?"

Wallahi haka ya ce. Har yau ina tuna masa, shi kuma yana musu.

Na zauna, ƙafafuna ba su kai ƙasa ba. Na ɗora yatsu a mazauninsu. Maɓallan nan laushi kamar kunnen ɗan akuya, ni da na saba da ƙarfe. Jami'i ya ce, "Rubuta sunanki."

Asabe. Harafin farko A. Ƙaramin yatsan hagu, nawa na kaina.

Na danna. Na riƙe. Na juya ina kallon Malam.

Ko gilashin ban kalla ba. Me zan kalla? A kwali babu abin kallo, Malam ake kallo.

Sai na ji aji ya ɗauki salati da kiran Yesu a lokaci ɗaya. Ashe harafin nan ya ɓalle. A, A, A, A, ya cika layi, ya gangaro na biyu, ya gangaro na uku, yana ta zuba. Wata tsohuwa ta ƙwalla ihu, "Ta fashe! Tana yoyo!" Hedimasta ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Na faɗa! Ai na faɗa!" Malam kuwa yana can baya, baki a buɗe, gumi na tsiyaya, an hana shi magana.

Ni dai ina riƙe.

Jami'i ya sunkuyo. "Ke yarinya, mi kike jira?"

"Malam bai ce in ɗaga ba."

"Bai ce mi ba?"

Aji gaba ɗaya ya amsa, "Ba a ɗagawa sai Malam ya duba!"

Ya cire tabarau ya goge. "Ku tsaya. Kwamfuta na cikin rumbu shekara guda. A bisa mi kuka koya?"

Babu wanda ya ba mu umarni. Kowa ya sa hannu ƙarƙashin benci ya ciro kwalinsa ya ɗaga sama. Kwali sama da talatin, marafai suna ƙyalli.

Ya karɓi nawa daga hannun wadda ke zama kusa da ni. Ya juya shi, ya ga ɗinkin zare. Ya shafa marafan da suka lotsa saboda danni, fentin duk ya goge. Ya taɓa karan dawa. Ya ɗora kwalin kusa da kibod na gaske yana gwada harafi da harafi.

Kuma duk wannan abin da ake yi, ku tuna, yatsana na kan A.

Can ya ɗago ya dubi bayan aji. Muryarsa ta sauya. "Malam, don Allah ce mata ta ɗaga."

Malam ya tako a hankali yadda ya saba, ya tsaya a kaina, ya duba yatsan, ya ga shi ne daidai. Sannan ya ce, "Ɗaga."

Na ɗaga.

Sai a lokacin na kalli gilashi na ga aikin da na yi. Jami'i ya ce, "To, Asabe, yanzu ƙaƙa za a yi da wagga ɓarna?"

Ban yi tunani ba, hannu ne ya tafi da kansa. Ƙaramin yatsan dama, sama, can gefe, inda jan marfi yake. Tsintsiya. Na danna na riƙe, tunda riƙewa ce kaɗai na iya. Sai ga haruffan nan suna komawa yadda suka zo, layi bayan layi. Yara suka hau tafi suna "Share! Share! Share!" har shafin ya koma fari tas.

Wannan karon ni na ɗaga da kaina.

Na buga sunana. Na buga sunan Babana, har da Saje a gaba. Na buga sunan makarantarmu. Jami'i ya ɗauki fayil ɗinsa ya rufe min hannu da shi don kada in ga maɓallai, yana faɗa ina bugawa. Ya kira wani yaro, ya kira wata, ya kira na bencin baya. Kowa ya zauna sai aji ya yi masa ihu, "Kar ka riƙe!"

Daga ƙarshe ya rufe fayil, ya leƙa waje ya ce wa direba ya rufe bayan mota.

"Kwamfuta ta zauna. Amma Hedimasta, rumbu na dawa ne."

Wayyo, guɗa! Hedimasta har da rawa, shi da ya ce an ɗauko masa rigima. Babana bai bi ta ƙofa ba, ta taga ya shigo. Ya kama hannuna na hagu, na hagun fa, ya ɗaga sama yana juyawa da ni yana cewa, "'Yata ce! Kaina ta ɗauko!" Kakata dai aka ƙwace mata gado ranar.

A satin nan maza suka yi gayya suka gyara rufin ofis, kafinta ya sa ƙofa. Fasto ya ce duk Asabar a zo a ɗauki janareta. Mukan yi layi, kowa ya samu ɗan lokacinsa. Malam kullum shi ne na ƙarshe. In mun ce ya fara nuna mana sai ya ce, "Ku fara, ni ai na iya." Ya tsaya a bayanmu ya zuba wa yatsunmu ido.

Abubuwan alherinsa ba za su ƙirgu ba.

Takalmina ya tsinke a hanya, da ragowar zaren kwali ya ɗinke min.

Ranar da zan tafi sakandare a Zuru, shi ya ɗaura akwatina a babur, ni da Baba muka tura ya tashi.

Da Sallah namansa ke fara shigowa gidanmu, da Kirsimeti kuma shi ke fara zuwa cin shinkafa, ya ce Mama ta rage barkono, ya kuma cinye tas.

Tun da na yi waya, bai taɓa kirana ya fara da gaisuwa ba. Sai dai in ji, "Injiniya, kin ɗaga ko har yanzu kina riƙe?" Tsiyar da na zaci zan ji yau da safe ke nan.

Ganina da shi na ƙarshe bayan Kirsimetin da ya wuce ne. Ya yi ritaya, yana zaune a cikin Zuru. Na same shi a kan tabarma a gindin mangwaro, ya rame, ido ya yi rauni, amma bakin nan na nan yadda yake. Na je masa da ƙaramar kwamfutata, laftof, don ya ga irin aikin da nake yi. Ya shafa ta, ya ce, "Wannan ai ko a rumbun kaza za ta shiga."

Sai ya ce wa Habiba ta ɗauko masa buhun da ke saman akwatinsa. Ta kawo, ya kwance. Kwalina ne. Marafan sun yi tsatsa, karan dawan ya tsage, amma jan marfin na nan.



Ya ce, "Zauna, Injiniya, zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar nan da jami'i ya kunna kwamfuta, ranar ce na fara ganin kwamfuta a kunne."

Na ce, "Malam, ban gane ba."

"Kin gane sarai. Wani ɗan littafi na samu a kasuwa, shi nake karantawa in zo in koya muku. Kuma littafin bai ce in an riƙe harafi zai yi ta zuba ba. Da na ga A ɗin nan na gangarowa, na ce shi ke nan, Bawa, ka fasa kayan gwamnati, ka kunyata 'yar mutane."

"Shi ya sa kake tsayawa ƙarshen layi ranar Asabar?"

"To da fa? Ina kallon yatsunku ina koya. Ku kuka koya min."

Na ce, "Haba Malam! Ka yi ta sintiri a babur, ka sha dariyar gari, a kan abin da kai ma ba ka iya ba?"

Ya ce, "In na tsaya sai na iya, da kun gama aji shida kun tafi."

Na sunkuyar da kai, don hawaye sun zo. Shi kuma ba ya son kuka, sai ya ce in miƙo masa laftof ɗin ya buga sunansa. Na ɗora masa a cinya. Ya lalubo B da yatsa, ya danna. Sai ga B na zuba, layi ɗaya, layi biyu. Ya juyo yana kallona, ido na ƙyalli, yana danne dariya. Da gangan yake yi.

Na miƙe, na zagayo ta bayansa, na duba yatsan da kyau, na gyara murya.

"Malam, ɗaga."

Ya yi dariya har da tari, Habiba ta kawo ruwa. Da zan tafi ya tura min buhun. "Tafi da kwamfutarki. Ki gaida Saje, ki ce masa har yanzu ban samu wani ba."

Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan.

Yanzu ina rubuta wannan ne a shago, ina jiran motar Zuru. Na san kafin in isa an kai shi makwancinsa. Babana ya riga ni, an ce tun da ya ji ya ɗauki sandarsa da tsohuwar hularsa ya hau kabu-kabu. Kwalin na rataye a bango sama da kwamfutocin ɗalibaina. Ɗazu na sauko da shi, na ɗora a cinya, na sa ƙaramin yatsan hagu a kan A. Na danna, na riƙe, na daɗe a haka. Babu wanda ya zo ya duba.

Ya Allah, ga bawanka Bawa nan ya zo. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Yadda ya bi layi ya tsaya a kan kowane yaro bai tsallake na bencin baya ba, kai ma kada ka tsallake shi. Ka ba Habiba da ƙannenta da mahaifiyarsu haƙuri, ka ba mu mu ma.

'Yan uwa, Musulmi da Kirista, wanda ya san shi da wanda yau ya fara jin sunansa, ina roƙonku kowa ya sa shi a addu'a yadda ya saba yi. 'Yan ajinmu, duk inda kuke, ku fito ku yi magana. Wanda ba shi da lokaci ya rubuta Amin kawai, ta isa.

In kuma yatsanka ya daɗe a kan harafi, Amin ɗin ta yi tsawo, don Allah kada ka sa mata tsintsiya. Bar ta haka. Irin ta ajinmu ce.

Allah ya jiƙan Malam Bawa. Amiiiiiiin.